Sitikar da Ba Ta Ɓarewa

Kwana uku kacal Zaharaddini ya yi a birni, yana halartar wata bita a kan adana tsofaffin takardu a wani zaure da ke Rijiyar Zaki. Amma ranar da ya dawo Kukar Ɗan Iya, sai ka rantse shekara bakwai ya yi a ƙasar waje. Ya sauko daga mota da jaka a kafaɗa, da takardar shaida a cikin leda, da wata shuɗiyar igiya a wuya mai ɗauke da hotonsa, wadda bai yarda ya cire ba ko a sahun salla. Kafin ya tako daga bakin titi zuwa teburin shayi ya riga ya gano ciwon garin gaba ɗaya.

"Ba ku da sistem," in ji shi, tun bai zauna ba.

Basiru mai shayi, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, ya ci gaba da fifita garwashi. "Maraba da Farfesa. Sistem ɗin da madara za a sa maka, ko baƙi?"

"Yi dariyarka. Nan da wata guda za a zo daga jami'a a ɗauki hoton aikina."

Aikin da yake nufi yana bayan zauren Dagaci, a wani ɗakin ƙasa mai sanyi kamar randa. A nan garin ke ajiye takardunsa: rabon gado, iyakar gonaki, sulhun da aka yi tsakanin gida da gida tun zamanin kakan Dagaci. Shekara talatin da takwas Malam Sama'ilu magatakarda yana riƙe da mabuɗin ɗakin, kuma hanyarsa guda ce. Duk wanda aka rubuta wa takarda, sai ya yago ƙyalle daga zanensa ko rigarsa ko ɗankwalin matarsa, Malam ya naɗe takardar ya ɗaure da shi, ya jefa cikin adakar katako. In buƙata ta taso, ko mutum bai san alif ba zai zo ya ce, "Malam, tawa mai ruwan goro ce da ɗigon fari," a buɗe adaka, ya miƙa hannu ya ɗauko abinsa.

To, idon Malam Sama'ilu ya fara rauni, kuma kowa ya san Dagaci yana neman wanda zai gaje shi. Washegari da hantsi sai ga Zaharaddini a fada, ya zube ya yi gaisuwa, igiyar wuyansa tana jan ƙasa.

"Ranka ya daɗe, tarihin garin nan yana ɗaure da tsumma. Tsumma fa! A bita an nuna mana yadda duniya take yi. Akwatin roba mai murfi, gara ba ta ci, ruwa ba ya shiga. A goshin kowane akwati a manna sitika, a rubuta abin da ke ciki. Kana cewa takardar wane, sai hannu kawai."

Dagaci ya dubi Malam Sama'ilu. Malam ya dubi carbinsa.

"Akwai magana a gabanmu," in ji Dagaci. "Alhamis ta uku mai zuwa wakilin hakimi zai zo ya raba gardamar iyaka tsakanin gwaggonka Fanta da Alhaji Anas, kafin ruwa ya sauka a yi shuka. Takardar iyakar tana cikin ɗakin nan. In ka fito da ita a gaban baƙo, mabuɗi ya zama naka. Minti nawa za ta ɗauke ka?"

"Minti? Ranka ya daɗe, sakan talatin. A ƙirga."

Gardamar kuwa ba ƙarama ba ce. Itatuwan ɗorawa uku ne a gefen gonar Gwaggo Fanta, waɗanda da kalwarsu take yin daddawar da ta riƙe gidanta tun rasuwar mijinta. Alhaji Anas ya sayi gonar maƙwabta bara, ya zo da igiyar awo, ya ce ɗorawun a cikin tasa suke. Shaidun Gwaggo duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage mata a duniya takardar nan ce.

Aka sayo akwatunan roba arba'in masu shuɗin murfi. Zaharaddini ya ce ɗakin ƙasa ɗakin jahiliyya ne, ya sa aka kwashe komai zuwa sabon sito mai rufin kwano, wanda a tsakiyar bazarar nan ko kaza ba ta yarda ta yi ƙwai a ciki. Sannan ya zauna ya kwance ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, sama da ɗari shida, ya tara su a bakin ƙofa kamar juji.

Sai dai akwai 'yar matsala. An rubuta takardun ne da ajami irin na mutanen da, ƙudundune kamar sawun kaji a taɓo, shi kuwa Farfesa in ya dube su kansa juyawa yake. Dole Malam Sama'ilu ya zauna kwana huɗu yana kanga takarda da hanci yana karantawa, Zaharaddini yana jefa kowace a akwatin da ya dace da ita. Da aka gama, Malam ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Na karanta sau ɗaya, idona ya biya zakkarsa. Ni na tafi sharar gona. Ba za ka rubuta a littafi abin da ke cikin kowane akwati ba?"

"Malam, sitika ita ce littafin."

"To, Allah ya ba sitika lafiya."

Ana cikin haka Gwaggo Fanta ta leƙo da buhu a hannu. Ta dubi akwatunan, ta dubi tsibin ƙyallaye, ta dubi ɗan ƙanenta.

"Dini, ina takardata?"

"Akwati na sha bakwai, Gwaggo. Iyakar Gonaki, Yamma. Kwanta ki yi barci."

"Da ƙyallena fa?"

"Yana cikin sharar can. Anjima za a ƙone."

"A ƙone uwar wa? Akwai zanen uwata a ciki." Ta durƙusa ta tattare tsibin kaf ta cusa a buhu, ta ɗora a ka. "Kai da ko tazugen wandonka ba ka iya ɗaurewa sai da ka shiga aji huɗu, yau kai ne mai kwance ɗaurin mutane."

Sitikar farko daga kasuwar Zakirai ya sayo ta, farar takarda mai gam a baya. Ya rubuta kowace da biro, da rubutunsa mai lanƙwasa, ya manna, ya ja da baya ya ɗauki hoton kansa a gaban akwatunan. Da safe ya gayyato 'yan teburin shayi su zo su ga sistem. Ya buɗe ƙofa da bismilla. Akwatuna arba'in suna jere tas, goshinsu fes babu komai. Sitiku arba'in suna ƙasa, kowace ta naɗe kanta kamar busasshen ganyen masara.

"Ikon Allah," in ji Basiru. "Kaka ta yi a sito. Farfesa, a kawo rariya a sheƙe?"

"Gwaji ne. A kimiyya sai an gwada. Na tabbatar yanzu cewa gam ɗin kanti ba ya kama roba."

Allah ya taimake shi, kowace ta faɗi ne a gindin akwatinta, don haka ya gane wace ce ta wane. Ya koma gida ya shiga madafin mahaifiyarsa ya dama ƙullun rogo, ya ce gam zai haɗa na kansa, wanda Turawa ma ba su san shi ba. Don ya ƙara danƙo ya zuba sukari gwangwani guda. Ya shafa, ya manna, ya danna da gwiwar hannu. Wannan karon kam ta kama. Ya bar ƙofa a buɗe don iska ta busar, ya tafi teburin shayi yin jawabi.

Yana tsakiyar bayanin yadda za a riƙa kiran gam ɗin da sunansa, sai ga Aina'u matar Basiru ta wuce da tulu.

"Farfesa, kana nan kana karatu, almajirarka tana can ta riga ka. Jar akuyar Liman ta shiga sito."

Ya zura da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a teburi. Ya tarar da akuyar ta ɗora ƙafafun gaba a kan akwati tana lasa cikin natsuwa, wata sitika tana leƙowa daga gefen bakinta. Sha ɗaya ta cinye. Sauran kuwa tururuwa ta yi musu layi tun daga bakin ƙofa, baƙi ƙirin, kamar ranar rabon taki. Ya yi kan akuyar da tsintsiya, ita kuma ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, jerin akwatuna ya rushe. Kafin a kore ta, a fitar da komai waje, a share tururuwa, a mayar, babu wanda ya san wane akwati ne a ina.

Ranar garin bai yi wata hira ba. Duk wanda ya haɗu da wani sai ya ce, "In kana neman iyakar gonarka, je ka tambayi akuyar Liman." Liman da kansa ya aiko a tambaya ko rabon gadon gidansu yana cikin abin da ta ci, don in haka ne ba zai sayar da ita ba.

Gwaggo Fanta ta tare shi a hanyar masallaci. "Dini, sha bakwai tana nan?"

"Tana nan daram, Gwaggo. Na san ta da ido. Akwai ɗan karce a murfinta."

"Duk arba'in ɗin akuya ta karce su."

"Nata karcen daban ne."

Ta nuna shi da yatsa. "Ɗorawa uku, Dini. In suka tafi, a ɗakin uwarka zan tare, kai za ka riƙa ciyar da ni da sistem."

Akwatuna sha ɗayan da akuya ta cinye sunansu, Zaharaddini ya buɗe su ya ƙura wa ajamin ido har hawaye ya zo, bai gane ko harafi ba. Zuwa wurin Malam Sama'ilu kuwa, ai faɗuwa ce. Sai ya tuna a bita an ce kowane ma'aji yana da rukunin abin da ba a tantance ba. Ya yanke shawara: duk akwatin da ya ɓace masa, sunansa TARKACE.

Ya shiga mota ya koma birni, ya dawo da naɗin sitika mai sheƙi, an buga rubutun da inji. Ya manna wa akwatunan, wannan karon a ƙofar fada ya kira taro.

"Jama'a, ku matso. Wannan rubutu babu tawada a cikinsa ko ɗigo. Injin da ya buga shi da zafi yake rubutu, irin na rasit ɗin masu POS. Abin da babu tawada, me zai koɗe? Har jikokinku za su karanta."

"Ga gefenta can yana ɗagawa," in ji wani tsoho.

Gaskiya ne, kusurwoyin sun fara ɗaga kai kamar kunnen zomo. Zaharaddini bai girgiza ba. "An tanadi wannan. A kawo dutsen guga."

Aka kawo dutsen guga cike da garwashin Basiru. Ya kwantar da akwatuna goma a jere, goshinsu sama, ya ari rawanin wani dattijo ya shimfiɗa a kansu, ya bi su da guga a hankali, yana dannawa, yana bayanin yadda zafi ke aurar da gam da roba. Wani ƙauri ya fara tashi. Ya ce ƙamshin aiki ne. Da ya kai ƙarshe ya kama bakin rawanin, ya dubi jama'a, ya fizge shi kamar mai rufa-ido.

Sitiku goma, baƙaƙe wuluk, kamar an shafa musu bakin tukunya. Ko ɗigon rubutu babu. Biyu daga cikin akwatunan sun lotsa.

Jama'a suka matso suka leƙa. Sannan Basiru ya ce, "Farfesa, ba kai ka ce injin da zafi yake rubutu ba? To ai ga shi dutsen guga ma ya yi nasa rubutun. Sai dai hannunsa ya fi naka kauri."

Mai rawani ya ɗaga rawaninsa, ya leƙa jama'a ta cikin wata ƙofa da ta buɗe a tsakiya, ya ce a gaya wa uban yaron nan yana nemansa. Tarkace ya tashi daga sha ɗaya ya koma ashirin da ɗaya.

Saura kwana biyu. Zaharaddini ya sake komawa birni, wannan karon wurin wani mai shagon buga takardu da ya san aikinsa. Mutumin ya fito masa da sitika ta leda mai kauri, wadda ake manna wa jarkoki da injinan ban-ruwa, rana ba ta cin rubutunta, ruwa ba ya ɗaga ta.

"Amma ka ji sharaɗinta," in ji mai shago. "Ka wanke robar da sabulu, ta bushe ƙayau. Kada maiƙo ko kaɗan ya taɓa wurin. In ka manna, ka bar ta a inuwa ta kwana."

Zaharaddini bai ji ko ɗaya ba, domin a daidai lokacin yana nuna wa mai shagon takardar shaidarsa ta cikin leda. Ya sa aka buga masa TARKACE har guda talatin, saboda ko ta kwana.

Alhamis ta zo da rana mai ƙuna. Tun da sassafe ya fito da akwatunan ƙofar fada, ya dube su, ransa ya ɓaci. Duk sun dushe, ga sawun harshen akuya, ga busasshen ƙullun rogo. Baƙo daga gunduma zai ga wannan? Ya aika gida aka kawo masa kwalbar man gyaɗa da tsumma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murzawa, har suka riƙa ɗaukar ido kamar goshin amarya. Sannan ya ɓare sababbin sitikun ya manna a kai, ya gina akwatunan hawa huɗu a tsakiyar rana, inda kowa zai gani. Ragowar sitikun ya ba Basiru ya riƙe masa.

Wakilin hakimi ya iso bayan azahar cikin farar shadda mai sitaci. Alhaji Anas ya zo da shaidu uku da igiyar awonsa. Gwaggo Fanta ta zauna a gefe a kan buhunta, matan gari sun cika bayanta. Malam Sama'ilu yana gindin bango da carbi. Aka yi addu'a, Dagaci ya gabatar da magana, ya ce akwai ɗan gari da zai fito da takarda cikin sakan talatin.

Zaharaddini ya miƙe ya juya wa akwatunan baya, ya fuskanci baƙo. "Ranka ya daɗe, kafin nan, ɗan taƙaitaccen bayani a kan sistem."

Bayanin ya ɗauki minti ashirin. Tun a minti na biyar jama'a suka daina kallonsa, suka koma kallon bayansa. Sitikun sun fara tafiya. A hankali suke zamewa a kan man da rana ta narkar, wata ta karkace, wata ta yi ƙasa kai tsaye, ta hawan sama ta sauko ta zauna a goshin akwatin da ke ƙarƙashinta kamar can aka haife ta. Yara suka fara zaɓen gwani. Wata mata ta ce, "Rabon Gado ta wuce Sulhu!" Zaharaddini ya ji guɗa-guɗa, ya ɗauka jawabi ne ya ratsa su, ya ƙara murya.

"Samari," in ji wakili, "takardar."

"An gama, ranka ya daɗe. A ƙirga!"

"Ɗaya!" in ji Basiru. "Biyu!" Jama'a suka karɓa.

Ya juya. Rabin sitikun suna ƙasa cikin rairayi, wata kaza tana tafe da guda a ƙafa. Sauran suna rataye a inda suka ga dama. Sha bakwai tana manne a tsakanin akwatuna biyu, rabi nan, rabi can.

"Tara! Goma!"

Ya rufe ido ya zaɓi na sama. Ya jawo shi, akwatin ya suɓuce daga hannunsa kamar tarwaɗa. Wakili ya yi saurin tarewa da hannu biyu, ya rungume shi a ƙirji, ya sake shi, sai ga taswirar akwati ta man gyaɗa a kan farar shadda, har da murfi.

"Ashirin da tara! Talatin!" Aka yi tafi.

Zaharaddini ya buɗe akwatin, ya zaro takardar da ta fara zuwa hannu, ya miƙa wa Malam Sama'ilu da ƙarfin hali. "Ga ta. Malam, karanta musu."

Malam ya kanga ta da hanci, ya yi gyaran murya. "Bismillahi. Wannan shaida ce cewa jakin Malam Zubairu, mahaifin Anas, ya shiga gonar Liman ya ci dawa dami biyu, kuma mai jaki ya rantse ba jakinsa ba ne, alhali yana kan jakin."

Fada ta kece da dariya. Alhaji Anas ya ce wannan cin mutunci ne da aka shirya. Zaharaddini ya zaro ta biyu: sulhu a kan kazar da ta kwana a gidan maƙwabta. Ta uku: iyakar wata rijiya da ta rufta tun kafin a haife shi. Gumi ya jiƙa igiyar wuyansa har hoton ya fara damewa.

Wakili, yana goge ƙirji da hankici, ya dubi agogo. "Dagaci, da la'asar zan tashi. In babu takarda, sai mu saurari shaidu. Alhaji yana da uku. Baiwar Allah, ke fa?"

"Nawa suna maƙabarta, ranka ya daɗe," in ji Gwaggo Fanta. "Amma akwai guda da ya rage."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙyalle, baƙin saƙi rinin shuni, da siririn farin zare a tsakiyarsa. Ta ɗaga shi sama.

"Wannan daga zanen uwata na yage shi ranar da aka rubuta takardar. Rinin da ne, na karofi, wanda in ka taɓa sai ya bi ka gida. Dubi yatsuna. Shekara talatin da ɗaya yana rungume da takardar nan, damina da rani. Yaron nan ya raba su, amma bai isa ya goge sawun ba. A nemo takardar da ta yi ɗamara shuɗiya, layi biyu, da fari a tsakani."

Ba ta rufe baki ba mata suka taso. Aka shimfiɗa tabarmi, Aina'u ta kawo toka da ruwa kowa ta wanke hannu saboda maiƙo, aka buɗe akwatuna arba'in. Zaharaddini yana zagaye su yana cewa, "A bi sistem! Kada a haɗa Yamma da Gabas!" Wata tsohuwa ta ce ya matsa yana tare mata haske.

Ashe ba ta Gwaggo kaɗai ba ce. Kusan kowace takarda tana ɗauke da sawun ƙyallenta, wata ja, wata ruwan ƙasa, wata ɗan zare ne ya maƙale a lanƙwasarta. Aka sami masu shuɗiyar ɗamara huɗu. Uku layinsu ɗaya ne. Ta huɗun Aina'u ce ta zaro ta daga ƙasan wani lotsattsen akwati, ɗaya daga cikin waɗanda aka yi wa guga. Gwaggo ta ɗora ƙyallen a kan sawun, ya zauna cif, har inda ƙullin ya kwanta.

Malam Sama'ilu ya karanta. Iyakar ta tashi daga tsohon suri, ta bi bayan ɗorawa uku da taku bakwai, ta faɗa burtali. Ga hatimin mahaifin Dagaci, ga sunayen shaidu biyar. Wakili ya karɓa ya duba, ya ce magana ta ƙare, ɗorawa na mai daddawa ne. Alhaji Anas ya naɗe igiyar awonsa, shaidunsa uku suka bi shi, ɗaya yana tambaya ko har yanzu akwai maganar abincin da aka ce.

Mata suka rangaɗa guɗa. Kafin ta lafa Zaharaddini ya riga ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, abin da kuka gani yanzu shi ake kira mataki na biyu a sistem. Da gangan na bar Gwaggo ta adana ƙyallayen, saboda a bita an ce..."

"Dini," in ji Gwaggo, "ƙonewa ka ce za a yi."

"A ƙone a ajiye tokar, nake nufi."

Dagaci ya ɗaga hannu. "Mabuɗi yana nan wurin Malam Sama'ilu. Akwatunan a wanke su da sabulu a mayar ɗakin ƙasa, sun fi adaka hana gara, wannan kam ka yi gaskiya. Kai kuma daga gobe za ka zauna a gaban Malam. Ga buhun gwaggonka. Kowane gida zai zo ya nuna ƙyallensa, kai za ka ɗaure. Ɗari shida da nawa ne?"

"Da goma sha huɗu," in ji Malam Sama'ilu, bai ɗago daga carbi ba.

"Wato mataimakin magatakarda," in ji Zaharaddini.

"Wato mai ɗaurin tsumma," in ji Dagaci.

Basiru ya matso da fuskar tausayi, ya rungumo shi, ya buga masa tafin hannu a tsakiyar baya, ya ƙara dannawa, ya shafa sama da ƙasa. "Sannu, Farfesa. Ka yi ƙoƙari. Wallahi yau garin nan ya san matsayinka."

Zaharaddini ya ji daɗin maganar. Ya gyara igiyar wuyansa ya kama hanyar gida ta tsakiyar kasuwa, a hankali, don a gan shi. Kuma an gan shi. Duk inda ya wuce sai mutane su taso su bi bayansa da kallo, masu karatun boko suna karanta wa marasa shi. Ya riƙa ɗaga musu hannu. A bayansa, a kan busasshiyar rigar da ko ɗigon mai bai taɓa ba, sabuwar sitika tana zaune daram, manyan baƙaƙe suna sheƙi: TARKACE.

Sau uku mahaifiyarsa ta wanke rigar, har da ruwan zafi, har da dutsen wanki. Ko kusurwa ba ta ɗaga ba. Yanzu in ka bi ta bayan zauren Dagaci za ka same shi a kan tabarma, buhun tsumma a gabansa, yana koyon ƙulli. In ka tambaye shi labarin rigar, sai ya ajiye ƙyallen ya dube ka ido cikin ido.

"Ni fa na zaɓo ta. Na ce musu ba ta ɓarewa. Je ka tambayi Inna ko ta ɓare."